Kaɗaici Ma Yanzu Sai An Bi Layi

Mutumin wannan zamani ya ƙirƙiro wa kansa wata sabuwar wahala, wato tafiya neman wurin da babu kowa, shi da mutum dubu biyu. A gefen birnin Marseille na ƙasar Faransa akwai wani lungun teku mai suna Sugiton, inda ruwan Bahar Rum ya kutsa tsakanin fararen duwatsu. Mota ba ta kai mutum can. Sai an sauka a unguwar jami'a ta Luminy, a taka sayyada kusan awa guda cikin rana, sannan a gangara. Wurin yana cikin gandun da gwamnati ta killace a 2012, amma duk da haka kafin 2022 da bazara har mutum 2,500 kan yi dafifi a kansa a rana ɗaya. Kowannensu ya zo ne don ya huta da hayaniyar jama'a, kuma kowa yana hararar na kusa da shi don ya ɓata masa shiri.

In ana son sanin abin da ya kawo su, a dubi abin da suke yi da isarsu. Bawan Allah ya taho da silifas, ruwan gorarsa ya ƙare tun a rabin hanya, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ana tsammanin zai zauna ya kalli ikon Allah, sai ya juya wa tekun baya ya ɗaga waya. Ya karkata ta dama don ya yanke wani mai tumbi da ke cin burodi, ya karkata ta hagu don ya kauce wa tawul ɗin wata, ya riƙe murmushi har kumatu su gaji yana jiran wani yaro ya gusa. Daga nan ya ɗora hoton a Instagram, ya rubuta cewa ya gano aljannar da ba wanda ya san da ita, ya kuma manna sunan wurin da taswirarsa. Mako na zagayowa sai ga abokan aikinsa da surukansu, su ma sun zo ganin asirin. Abin ya kai har hukumar gandun ta koma nuna hotunan cunkoson da gangan, ko mutane sa ji wurin ya fita daga ransu. Tun da aka fara talla, wannan ce tallar da mai kaya ke roƙon kada a zo.

Ƙasa kuwa ba ta san raha ba. Sawun dubban ƙafafu ya zaizaye gangaren, har saiwoyin itatuwa suka fito fili. Shi ya sa daga 2022 aka ƙayyade mutum 400 a rana a lokacin cunkoso, kuma sai wanda ya yi rajista ta intanet. Nan masu ƙorafi suka taso: teku na Allah ne, wa ya isa ya sa masa ƙofa? Maganar tana da daɗin ji, sai dai rajistar kyauta ce, attajiri da ɗalibi layinsu ɗaya. Kuma kasancewar abu na kowa bai taɓa nufin kowa ya hau kansa a rana guda ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wani kuma zai ce shi kaɗai me zai ɓata, ɗan dutse ɗaya ne fa ya sa a aljihu. Wannan lissafin ne ya sa tsibirin Sardiniya na Italiya ya kafa doka a 2017, mai cin tarar Yuro 500 zuwa 3,000 ga duk wanda ya kwashi yashi ko tsakuwa ko ƙwanson bakin teku. A 2019 an kama wasu Faransawa biyu da kilo 40 na yashi cikin gorunan roba 14, suka ce tsaraba ce. Da kowane baƙo zai yi irin wannan tsarabar, da jikokinsa sai dai su je kallon tekun a falon kakansu. A tsibirin dai, lungun Cala Goloritzé, wanda shi ma sai an sha gangara a ƙafa, mutum 250 kawai ake bari a lokaci guda.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cin abinci da baƙi, domin rage mutane rage ciniki ne. Amma a tambayi Tailan. Gaɓar Maya, wadda fim ɗin Leonardo DiCaprio na shekarar 2000 ya tallata, ta sha turmutsitsi har aka rufe ta ruf a 2018, ba a buɗe ba sai 2022. Ciniki kaɗan kullum ya fi ƙofa a garƙame shekara uku da ɗoriya.

Don haka mai karatu, in Allah ya kai ka irin wannan wuri, ka yi rajista, ka sa takalmin kirki, ka ɗauki ruwa isasshe, ka dawo da shararka a jaka. Hoton kuma in ya zama dole, ka ɗauka, amma ka bar sunan wurin a cikinka.