Wasiƙa Zuwa ga Gimbiya Bindigar Iska

Zuwa ga Mai Girma Gimbiya Bindigar Iska,
mazauniyar bayan ƙofar turakata,
Korgom, ƙasar Tasawa.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabi irin na talaka a gaban sarauta. Ina fata kin tashi lafiya cikin tsumman da nake naɗe ki da shi, raɓa ba ta taɓa ƙarfenki ba, ƙura kuma ba ta shiga idon madubinki ba. In kin tambayi lafiyarmu, alhamdu lillahi, sai dai ruwan sha da muke roƙo a maƙwabta tun hantsi, kuma kin fi kowa sanin dalili.

Bayan haka, na rubuto ne a kan abin da ya auku yau bayan sallar asuba. Hasbiya ce ta sauka a kan damman gero da muka jingina da garu, tana ta aikinta kamar da ita aka yi noman. Tsakanina da ita bai wuce taku ashirin ba. Na karya ki, na ɗura miki dalma, na ɗora gicciyen madubi a ƙirjinta, na ja kunama a hankali yadda takardarki ta yi umarni. Sai kika yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, randar uwargida da ke gindin bedi ta dare gida biyu. Randar nan kamu uku take hagu da hasbiya. Ruwan da yara suka ja jiya da yamma har tafinsu ya yi kanta, rairayi ya shanye shi tas. Hasbiya ta dubi randa, ta dube ni, ta ƙara tsinkar gero, ba ta tashi ba sai da uwargida ta fito tana salati.

Kafin in jingine ki ƙofar gida ta cika, wani da sanda, wani da gatari, wani da carbi a hannu bai gama lazimi ba. Ba na ganin laifinsu. Kullum rediyo na kawo labarin ɓarayin daji daga wajen Madarunfa da Gidan Rumji, kuma ƙasar nan ba ta ɗauki ƙarar bindiga da wasa ba tun 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratso yana ƙone garuruwa, har sojojinsu suka juya musu bakin bindiga can Maijirgi. Ni kuwa mai shagon da ya sayar mini da ke cewa ya yi ba ki da ƙara, ko jariri na barci a ɗaki sai in yi harbina. Da na kira shi a waya ya ce ai sabunta ce, fistin ɗinki ne ke matse iska cikin ƙiftawar ido har ta yi zafin da ke kunna man da aka shafa miki a masana'anta, yadda injin niƙan bakin kasuwa ke ƙona gazuwal ba tare da tartsatsin wuta ba. Wai in yi haƙuri, in na harba gwangwani ɗaya ko biyu, kowane mai ƙwaya 500, man zai ƙone ki natsu. Magabata sun ce tusa ba ta hura wuta. Allah ya ji ƙansu, ba su riske ki ba.

Amma ƙara ba ita ce ƙarata ba, ranki ya daɗe. Ƙarata ɗaya ce: inda na nuna miki daban, inda kike zuwa daban.

Da lambar da ke jikin kwalinki aka kama ni. 1200, da jan rubutu, kowane harafi ya kai tafin hannu. Wai ƙafa 1200 kike cilla ƙwaya a cikin sakan ɗaya, wato mita 365 da 'yan kai. Na sayar da tumaki biyu, na ɗora da buhun wake, na ɗauko ki a kan babur ina jin kaina. Abin da kwali bai faɗa ba, irin wannan gudu da wata 'yar ƙwaya marar nauyi ake gwada shi, ba da dalmar da mutum zai harbi tsuntsu da ita ba. Kuma ko da kin kai shi, ba abin a yi guɗa ba ne. Sauti kansa wajen mita 340 yake yi a sakan. Ƙwayarki mai tsukakken ƙugu da buɗaɗɗen gindi, wadda nauyinta rabin giram ne, an ƙera ta don ta yi tafiya ƙasa da wannan gudu. Da ta kusance shi sai ta fara tangaɗi a iska, ta manta wanda ya aike ta da inda aka aike ta. Masu gasar harbi a Olamfik, waɗanda ke tsayawa a mita 10 suna neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, bindigoginsu kusan rabin gudun da kike taƙama da shi suke yi, kuma suna samun ɗigon. Ke mai cikakken ƙarfi, randa kika samu, ita ma ba da niyya ba.

To, bari in tuna miki wahalar da na sha a kan saitinki, tun da ke ba ki da ƙwaƙwalwar da ke kwana da abu. Na samo kwalin sabulu na jingina da garu, na zana da'ira da gawayi, na shimfiɗa tabarma, na ɗora ki a kan buhun yashi. In ƙwaya ta faɗi ƙasa in murɗa maɓallin sama, in ta yi dama in murɗa na gefe. Kowane "ƙas" ɗaya abin da yake gusar da harbi a mita 20 bai kai milimita 2 ba, saboda haka sai mutum ya yi ta murɗawa yana lissafi da yatsu. Maɓallin sama ya kai ƙarshensa, ƙwaya na nan ƙasa. Ashe bututunki sunkuye yake tun daga gidanku, wai gado ne a danginku na masu karyewa. Na kwance madubi, na yanki gefen robar ruwa na yi masa matashi a zoben baya, na sake ɗaurewa. Dab da magariba sai ga shi kin sauko, ƙwayoyi sun taru wuri ɗaya har tsabar dala ashirin za ta rufe su. Na kira mutanen fada daga kan shayinsu suka zo suka shaida. Na kwanta ina murmushi.

Gari ya waye, kwali ɗaya, tabarma ɗaya, mutum ɗaya. Kika aika ƙwaya taƙi guda sama da da'ira.

Ke! Wane irin hali ne wannan? Bindigar albarushi in ta yi shuri baya take yi, sau ɗaya, mutum ya san inda zai tare ta. Ke sau biyu kike yi. Sifiri ya tura fistin ki zabura baya, fistin ya daki bango ki zabura gaba, duk wannan kuma dalma tana nan cikin bututu ba ta fita ba. Da wannan fizgar kike kwance kusoshin ƙotarki ɗaya bayan ɗaya, ki ja madubi yana zamewa baya a kan layinsa, ki girgiza 'yan kayan cikinsa har gicciye ya daina zama inda aka ajiye shi. Na ɗaure kusa, ta kwance. Na ƙara ɗaurewa, kanta ya cinye. Yanzu sukudireba a aljihuna take kwana, tare da goro. Sannan aka ce wai kada in riƙe ki da ƙarfi. Wai in shimfiɗa tafin hannu ki kwanta a kai, kada in matse ki a kafaɗa, kada kumatuna ya danne ki, in bar ki ki yi tsallenki yadda kika ga dama, kuma gobe in ajiye hannun nan daidai inda na ajiye shi yau, in ya gusa da faɗin yatsa biyu laifina ne. Ko amaryar da aka kawo daga birni ba a yi mata wannan lallashi. Ita aƙalla in an lallashe ta yau, gobe takan tuna.

Abinci ma sai wanda kika zaɓa. Ƙwaya mai tsini ba ki so, mai shafaffen kai sai a kusa, mai zagayayyen kai kuma sai ta wani kamfani, ta wancan ba ta yi miki ba, alhali duka milimita 4.5 aka rubuta a gwangwaninsu. A kasuwar Korgom na zaga daga masu barkono har masu kayan keke ban ga ko ɗaya ba. Sai in ba direba sautu zuwa Maraɗi ko Damagaram, ya dawo mini da wadda ya gani, ke kuma ki ce ba ita ba. Kowace sabuwar ƙwaya sabon saiti, sabon kwali, sabon taron 'yan kallo.

Ranar nan Baba Sarkin Baka ya biyo ta ƙofar gida da adakarsa a kafaɗa, wadda maƙeri ya haɗa masa da bututun ƙarfe da icce tun ina yaro. Ba madubi, ba lamba, ba takarda mai harsuna bakwai. Na miƙa masa ke da hannu biyu. Ya auna nauyinki, ya leƙa madubi ya dubi wata kurciya a kan gawo, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, madubin nan dai ya iya kawo tsuntsu kusa. Saura ka samo wanda zai kai shi tukunya." Yana rufe baki ɗan maƙwabcina, wanda bai daɗe da shiga lakwal ba, ya ce, "Baba, in sauko maka da ita?" Ya zaro danƙonsa daga wuya, ya tsinci tsakuwa a ƙasa. Da daddare uwarsa ta aiko mini da cinya ɗaya a 'yar tasa, wai a ba mai bindiga ya ɗanɗana.

Ƙarfi kam kina da shi, ban hana ki ba, kuma shi ne ke hana ni barci. A Jamus bindigar iska in ƙarfinta ya haura jul 7.5 sai da lasisi, a Ingila iyakar kusan jul 16 ce, a Faransa in ta wuce 20 sai hukuma ta san da zamanta. Ke kin tsallake duka ukun kina tafe, kuma abin da ya fasa randa ba zai ji kunyar kan yaro ba. Shi ya sa ba na nuna ki ko'ina sai inda garu ke baya, na kuma kori yara daga tsakar gida kafin in taɓa ki. Bindigar da ta san hanya ana tsoron bakinta ne kawai, ke kuwa har wanda ke gefe sai ya yi addu'a. Abu ɗaya dai kin hutar da ni. Dokar farauta ta 1998 ba ta dame ni ba, don ko jami'in gandun daji ya tare ni da ke, babu zomo ko fakara ko kurege a duk faɗin jihar Maraɗi da zai iya ba da shaida a kanki.

Kuma abin haushi, ba daga gidan banza kika fito ba. Kakarki da wani maƙeri mai suna Girardoni ya ƙera, sojan Ostiriya sun riƙe ta tun 1780, tana ɗaukar harsashi wajen ashirin a ciki ɗaya, an je yaƙi da ita. Matafiya Lewis da Clark sun ratsa Amurka da irinta daga 1804 zuwa 1806, duk inda suka sauka a taru a kalli abin mamaki. Shekara ɗari biyu da ɗoriya ana ci gaba, jika ta zo Korgom ta kasa hasbiya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen a gurguje zan bi ta kansu. Nauyinki ya kusa kilo huɗu. Karya ki kaɗai aikin ƙato ne, in hannu ya kuɓuce kuma bututu ya koma da ƙarfi ya tafi da yatsa. Kada a harba ki ba ƙwaya, kada a bar ki a ɗane, kada a ɗiga miki man keke sai wani mai na musamman da ko sunansa masu shago ba su taɓa ji ba. Maganar jan-baki kuwa ban ma ɗauko ta ba. Tsuntsun da ke sauka a gona dubu bisa dubu har ya rufe rana, ke kina ɗura ƙwaya ɗaya ɗaya, gara yara da gwangwani da majajjawa.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ga matsayata, kuma a gaban shaidu na faɗe ta. Na ba ki daga nan zuwa a gama shigar da gero rumbu. Ba na neman ƙafa 1200, na yafe miki rabi. Ki je inda gicciye ya nuna, yau da gobe da jibi, shi ke nan. In kin ƙi, na riga na yi rabon gadonki tun kina da rai. Bututu na maƙeri ne, ya ce zai yi masa amfani a bakin zuga-zugi. Sifiri kuwa, mai gyaran babur ya yi kamu. Ƙota uwargida ta ce icce ne mai kyau, zai dafa wake. Madubi kuwa liman zan kai wa sadaka, a riƙa duban watan azumi da shi. Wata dai babba ne, kowa ya san inda yake tsayawa, kuma ba harbinsa za a yi ba.

Wassalam.

Naki cikin biyayya da ciwon kafaɗa,
wani manomi a Korgom.