Daren da Wata Ya Yi Zazzaɓi a Giza

So hana ganin laifi, in ji Hausawa. Ban gane zurfin maganar ba sai da na kamu da son Grateful Dead, makaɗan Amurka da a zamaninsu ba sa maimaita waƙa yadda suka yi ta jiya. Su kan ɗauko waƙar minti 5, su yi ta yawo da ita kamar makiyayin da ya ɓace a daji, sai bayan minti 20 su dawo gida, in Allah ya so.

A Satumbar 1978 suka kwashi kayansu zuwa Masar, suka yi dare 3 suna kiɗa a gindin dalar Giza. Mai ganga Bill Kreutzmann ya zo da karyayyen hannu, da ɗaya ya yi ta fama. Piyano kuwa ta ƙi saiti, tana nata, su suna nasu. A daren ƙarshe wata ya yi husufi. Abokina ya rantse kunya ce ta kama watan.

Amma a faifan wasan ka saurari inda Hamza El Din, ɗan Nubiya, ya shigo da tafi da kiɗan mutanensa, jitar Jerry Garcia ta lallaɓo ta bi sahu kamar baƙon da ya san ladabi. Wannan ɗan lokacin ya biya bashin daren duka.

Su kansu sun ɓoye faifan har 2008. Ni kuwa na saurare shi fiye da sau goma. Mai son ɗan tsako, ai dole ya jure saran kaza.