Wandona Yana Kakum

A tsaye nake wannan rubutu, don har yanzu zama bai karɓe ni ba. Wanda ya san ni a Kumasi kuma, don Allah ya yi kamar bai gani ba.

Matata 'yar zangon Kumasi ce, jikar fataken goro da suka bi hanyar Gwanja tun zamanin jakuna, suka ga wuri suka zauna. Mun je gaishe da iyayenta, Baba Alhaji da Hajiya, sai ƙaninta, wanda boko ya ratsa, ya ce ya kama mana ɗakuna a wani masauki a bakin dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma har da Baba Alhaji da Hajiya za a tafi. Masaukin irin wanda ake ginawa ne don kada a ɓata wa daji rai. Wuta ta hasken rana ce, bayan isha'i ta yi sallama. Ruwan wanka na sama ne da aka tara a tanki. Bayan gida ba a kora ruwa, garin katako ake barbaɗawa. A jikin ƙofa an manna dokoki, biyu na riƙe: kada a kashe komai, kada a bar komai a daji. Na tambaya ko sauro yana cikin komai, yaron da ke karɓar baƙi ya nuna mini gidan sauro ya yi murmushi. Cikin dare wani abu ya dinga kwarma ihu daga kan bishiya, ihun yana hawa yana hawa, har na tashi na yi alwala. Da safe aka ce wata 'yar dabba ce dangin agwada, ba ta wuce girman zomo ba, kuma kullum haka take yi.

Abin da ke kai mutane Kakum gadar sama ce. Gwamnatin Gana ta mayar da dajin gandun ƙasa a 1992, a 1995 aka buɗe gadar. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, an ɗaure su da wayoyin ƙarfe daga wannan doguwar bishiya zuwa waccan, a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Abin takawa tsani ne da aka kwantar aka shimfiɗa masa katako, faɗinsa bai fi ka jera ƙafafunka biyu ba, raga hagu da dama. A jikin kowace bishiya akwai ɗan dandamali inda ake tsayawa a mayar da numfashi. Dajin yana da giwayen kurmi da birai da tsuntsaye sama da iri 200. Giwa dai ko sawunta ban gani ba.

Kafin mu hau tudun da ke kai mutum bakin gada, saurayin da ke mana jagora ya ce damina ce, kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa. Turawan da ke cikinmu suka duƙa nan take. Ni kuwa farar shadda ce a jikina, ɗinkin babbar sallah, da takalmi sau-ciki. Ko da akwai safar ma, wane ɗan mutunci ne zai tsaya gaban surukinsa da wando cikin safa? Har gobe ina kan wannan ra'ayi.

Ladabi ne ya ja mini. Dab da bakin gadar hanya ta matse, na kauce cikin ganyaye don Baba Alhaji ya wuce. Bai wuce ba. Ya dafa wata bishiya ya shiga yi mini bayanin yadda ake gane goron da zai yi daushe. Na sunkuyar da kai ina "haka ne, Baba", ina jin wani abu yana ɗan tsikarata a idon sawu. Ba a susa a gaban suruki. Na daure har aka kai ƙarshen darasi.

A gada ta farko abin yana idon sawu. A ta biyu ya kai ƙwauri. A ta uku na ji shi a bayan gwiwa, na soma tafiyar da ba tawa ba. A tsakiyar ta huɗu, uku a baya uku a gaba, rundunar ta isa inda za ta.

Kwarkwasa ce. Daga baya na sha labarinta fiye da yadda nake bukata: runduna ɗaya takan kai miliyoyi, har miliyan 20 ma, makafi ne, ƙamshin sawun juna suke bi, ba su da gidan dindindin, sai su yada zango su cinye abin da ke kewaye su ƙara gaba. Masu manyan kawunan su ne sojoji, kuma idan soja ya kama nama ba ya saki. Ka fizge shi, gangar jiki ta biyo hannunka, kan yana nan yana ci gaba da aiki. Wannan na ƙarshen ba a littafi na koya ba.

Yanzu ga yadda aka jeru. A dandamalin da ke gabana akwai Baba Alhaji, da Hajiya, da matata, da ƙaninta da wayarsa a hannu. A na bayana akwai 'yan matan wata makarantar sakandare cikin kayan makaranta, da malamarsu, da wata Baturiya mai madubin hangen nesa. Komawa baya babu, sama rassa, ƙasa kuwa ba ta ma ganuwa, sai kawunan bishiyoyi. Duk tsallen da na yi, gadar ta rama mini biyu.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba."

"To, rawar ta mece ce?"

Ya ƙura ido, ya hango baƙi-baƙi a kan farar shadda, sai ya gyara tsayuwa. Na san wannan gyaran tsayuwa. Shi ne na goron daushe.

"Af, kwarkwasa ce! Malam, kada ka motsa. Tsaya cak. Ba ta cizon wanda ya natsu."

Na tsaya cak. Ta ciji wanda ya natsu.

"To, toka. Toka ce maganinta. A samo toka!" Ya juya ya tambayi mai jagora ko yana da toka. Ya ɗaga murya ta saman kaina ya tambayi 'yan matan da harshen Asante ko akwai mai toka a cikinsu. Mita talatin da wani abu a sararin Subhana, surukina yana cigiyar toka, kuma da gaske yake. Da ba a samu ba ya sassauta, ya ce ko kananzir ma ya yi.

"Baba, babu kananzir."

"Ai shi ya sa ba a fita daji haka kawai. Mu da muna yara, in ta shigo gida cikin dare, toka mai zafi ake zagaye ɗaki da ita. Kaji kuwa a buɗe musu akurki, in ba haka ba da safe sai ƙashi. Kakana ya ce a hanyar Salaga, in ta faɗo wa ayari, abu na farko shi ne a kwance jakuna." Ya yi shiru, ya ga ba ni da jakin kwancewa, sai ya canza dabara. "Ka nemo sarauniyarsu. Duk inda sarauniya ta nufa nan suke bi. Ka lalubo ta ka jefar, sauran za su bi ta."

Wallahi na laluba. Haka girman suruki yake.

Daga baya Baturiyar ta soma nata. Ƙanin matata ya fassara mini da ƙarfi, yana dariya har yana riƙe bishiya: wai in daure kada in murƙushe su, suna da amfani ga daji, akwai tsuntsayen da ke bin rundunarsu suna cin ƙwarin da suka tayar. Mai jagora kaɗai ya faɗi magana mai kan gado, kuma ita ce wadda ba na son ji. Ya ce in cire wandon.

Nan ne wurin da nake ta komawa.

Don in kai ga mazagi sai na tattare rigar, don in saki hannu sai na cije bakinta da haƙori. Hannun hagu yana kan igiya. Na dama ya ja mazagi, ya zarge, na ja da ƙarfi, ya tsinke. Wando ya sauka. Na zare ƙafar dama, ta hagu ta maƙale a takalmi. To a daidai wannan hali, riga a baki, ƙafa ɗaya a sama, gajeren wando mai zanen ƙwallo a bainar jama'a, gada tana lilo, sai na ɗaga kai. Hajiya, wadda tun farkon abin ta juya tana kallon jikin bishiya saboda kunya, ta zaci an gama, ta waiwayo. Muka haɗa ido.

Shekara da shekaru ban taɓa haɗa ido da matar nan ba. A tsugune nake gaishe ta, daga bakin ƙofa, ita ma ta bayan labule take amsawa. Ko sunana ba ta faɗa. Ban san daga ina abin ya fito ba, sai na ji bakina, da shadda cike a ciki, yana cewa, "Sannu, Hajiya."

Ta ce, "Yawwa. Sannu da aiki."

Sannu da aiki. Na juya maganar nan ta kowace fuska. Ba gatse ba ne, Hajiya ba ta gatse. An gaishe ta, ta duba, ta ga mutum yana kan wani abu, ta ba shi gaisuwar da ta dace da mai yin wani abu. Da ta yi salati da na ji sauƙi. Da ta yi dariya ma da na san inda zan ajiye ta. Amma ta amsa da muryar da take amsa wa mai faskare, sannan ta ja mayafi ta koma kallon bishiyarta a natse. Ina rufe ido sai in ga waiwayen: kafaɗa ta fara juyowa, sai gefen mayafi, sai tabarau. Kowane karo ina sa ran wannan karon za ta fasa. Ba ta fasawa.

Na dai zare ƙafar. Na ɗaga wandon ta saman raga ina kakkaɓewa, wani soja da ya ɓuya a aljihu ya kama ni a tsakanin yatsu, na saki. Ya tafi a hankali, iska ta cika ƙafafunsa biyu, ya juya sau ɗaya, ya sauka a kan wata bishiya can ƙasa ya baje kamar shanyar da ta faɗa gidan maƙwabta. 'Yan matan suka yi tafi. Baturiyar ta saita madubinta a kansa.

Baba Alhaji ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Ai da ma shi suke so. Da tun farko ka ba su."

Sauran gadoji ukun na ƙarasa su ina jan riga ƙasa da hannu ɗaya, ina tsince kawuna da ɗayan. Allah ya saka wa telana, ya yi mata tsawo. Mai jagora ya tuna mini cikin ladabi cewa ba a barin komai a daji, na ce masa ga shi can, duk mai so ya ɗauko. Matata ba ta ce uffan ba har muka sauko, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Ƙaninta ya rantse bai ɗauki bidiyo ba, amma tun kafin mu isa mota wata gwaggonsu ta bugo daga Nima tana tambayar jikina.

Bayan magariba ina kwance rub da ciki a gidan sauro, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Alhaji ne da kansa, da ƙullin baƙar leda. Ashe kicin ɗin masaukin ya je ya sa aka kwaso masa daga murhu.

"Ungo, Malam. Toka ce. Gobe da asuba an ce akwai yawon kallon tsuntsaye, na sa an rubuta sunanka."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.