Wasiƙa Zuwa ga Jadawalin Gasar Firimiya

Zuwa ga Mai Girma Jadawali,
Ofishin Gasar Firimiya, Landan.

Jadawalin Firimiya takarda ce da ake fitarwa kowace shekara, galibi a watan Yuni, ɗauke da wasanni 380 na ƙungiyoyi 20, kowace ta buga 38, rabi a gida rabi a waje. Ba ya taka leda, ba ya hura usur, bai taɓa ɓarar da fenareti ba. Duk da haka, cikin waɗanda ake ɗora wa alhakin shan kashi a Ingila, shi ne na biyu, yana bayan alƙalin wasa, yana gaban iska da ciyawar fili. An rubuto wannan wasiƙa ne domin a sanar da shi abin da ake faɗa a kansa, a bakin kociyoyi da kuma a gidajen kallo, tunda har yau ba a ji ya fito ya kare kansa ba.

Asalinsa ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da yawa kamfanin Atos ne ke haɗa shi, a hannun wani mutum mai suna Glenn Thompson da kwamfutarsa. Akwai ƙa'idojin da ake bi gwargwadon iko. Ƙungiya ba ta yin wasa fiye da biyu a jere a gida ko a waje. Cikin kowane wasa biyar, uku a gida biyu a waje, ko akasin haka. Maƙwabta irin su Liverpool da Everton, ko Manchester United da Manchester City, ba a ba su gida rana ɗaya, saboda 'yan sanda da cunkoson hanya. Wanda ya yi wasan kashegarin Kirsimeti a gida, na sabuwar shekara a waje zai yi. Iyakar aikin Jadawali ke nan, kuma da a nan aka tsaya da ba a kai shi ƙara ko'ina ba.

Bayan ya fito ne gidajen talabijin ke shigowa su zaɓi wasannin da suke so, su matsar da su. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka duk wasan da za a haska sai an nema masa wani lokaci: Asabar 12:30 na rana, ko bayan ƙarfe biyar, ko Lahadi, ko daren Litinin. Ba kyauta ake wannan ba. A Disamba 2023 an sayar wa Sky da TNT Sports haƙƙin nuna wasanni a cikin gida na kaka huɗu a kan fam biliyan 6.7. Masu sayarwar kuwa su ne ƙungiyoyin nan 20, domin su ke da gasar, kuma ba a sauya wata babbar doka sai 14 daga cikinsu sun ɗaga hannu. Ma'ana, wanda ya sa hannu a takardar cinikin shi ne uban gidan kocin da ke ƙorafi, kuma daga kuɗin ake biyan kocin albashi. Ba a cika jin an ambaci wannan a taron 'yan jarida ba.

Ƙorafin kansa tsoho ne, kuma yana da manyan malamai. A Janairu 2009 Rafael Benitez, lokacin yana Liverpool, ya zaro takarda daga aljihu ya karanta wa 'yan jarida laifuffukan Alex Ferguson na Manchester United, cikinsu har da yawan kuka da jadawali. Ya ma kawo shawarar a bar Ferguson ya zauna a ofishinsa ya tsara wasannin ya aiko wa kowa, a huta. Liverpool ce ke saman teburi a ranar. United ce ta ɗauki kofin a ƙarshen kaka, kuma magoya bayanta har gobe suna lissafa wannan takarda cikin waɗanda suka taimaka musu.

Shekarar 2020 ce dai kasuwar ƙorafi ta fi ci, saboda korona ta sa an fara kaka a makare aka cusa wasanni a ɗan lokaci. Jose Mourinho ya koka da cewa an ba Tottenham wasa huɗu cikin kwana takwas. Ta yi kunnen doki da Newcastle, ta fitar da Chelsea a bugun fenareti, ta zuba wa Maccabi Haifa bakwai, sannan ta je Old Trafford ta ci shida da ɗaya. A Nuwamba, Ole Gunnar Solskjaer ya dawo daga Istanbul inda aka doke United ranar Laraba, aka sa shi wasa da Everton Asabar da rana, ya ce an shirya lokacin ne don su faɗi. Sun ci uku da ɗaya. Makonni uku bayan haka Jurgen Klopp na Liverpool ya tsaya gaban kyamarar BT Sport a Brighton, bayan ɗan wasansa James Milner ya fita da ciwon cinya, ya taya mai yi masa tambayoyi, Des Kelly, murnar raunin cikin gatse. Kelly ya amsa masa da cewa ai ƙungiyoyi ne suka amince da lokacin, gidan talabijin ya sayi abin da aka sayar masa ne kawai. Mai Girma Jadawali zai lura cewa a wannan rana ɗan jarida ne ya yi masa aikin lauya, kuma bai caje shi ko sisi ba.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa ba duk kukan ne na banza ba. A Disamba 2019 an sa Liverpool wasa da Aston Villa ranar 17 ga wata a Birmingham, sannan da Monterrey ranar 18 a Doha. Babu jirgin da zai warware wannan. Sai aka raba gida biyu, yara suka tsaya Ingila suka sha biyar da nema, manya suka tafi Katar suka ɗauko kofin duniya na ƙungiyoyi. A Afrilu 2024 Manchester City ta yi minti 120 da Real Madrid daren Laraba, aka fitar da ita a fenareti, ranar Asabar aka tura ta Wembley ta kara da Chelsea, alhali United da Coventry, waɗanda ba su je ko'ina ba a makon, aka ba su Lahadi. Pep Guardiola na City ya ci wasan, kuma ya yi faɗa, wanda hakan ya ba faɗan nasa ɗan nauyi. A Satumba na wannan shekarar Rodri na City ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni. Ba a yi mako ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a karawa da Arsenal. Tsoka ba ta san kwantiragi ba, kuma wanda ya yi gudu daren Laraba ba daidai yake da wanda ya kwana bakwai yana hutawa ba. Sai dai akasarin wannan lodi ba daga Jadawalin Firimiya ya fito ba, shi da yake nan a wasa 38 tun 1995. Hukumar Uefa ce ta mai da gasar Zakarun Turai ta ƙungiyoyi 36 da wasa takwas a zagayen farko, Fifa kuma ta buɗe gasar ƙungiyoyi 32 a Amurka a bazarar 2025, daidai lokacin da ake cewa na hutu ne.

Kociyoyin ma ba su cika taimakon kansu ba. A Mayu 2024, kwana uku da rufe kaka, Tottenham da Newcastle suna Melbourne ta Ostireliya suna wasan sada zumunta. Binciken da aka yi a gidajen kallo ya gano cewa gajiya ba ta kama ɗan wasa a jirgin da ke zuwa karɓo kuɗi.

A gidajen kallon ne shari'ar ta fi zafi, daga Landan har Kano da Maraɗi, kuma masu musun sun kasu mazhabobi. Mazhaba mafi yawan mabiya ita ce mai cewa wanda ke karɓar dubban fam a mako ba shi da bakin cewa ya gaji, musamman a gaban ɗan dako da ya biya kuɗin shiga daga guminsa na ranar. Hujjarsu tana da farin jini, amma ba ta taɓa warkar da gwiwa ba. Dattawan wannan mazhaba kan kawo tarihin 1963, lokacin da Fulham ta ci Ipswich goma da ɗaya kashegarin Kirsimeti, bayan kwana biyu suka sake haɗuwa Ipswich ta rama da huɗu da biyu, ba tare da canjin ɗan wasa ko ɗaya ba, balle biyar ɗin da ake yi yanzu. Ba sa ƙarawa da cewa ƙwallon wancan zamani ba ta da gudun ta yau.

Akwai mazhabar maƙarƙashiya, wadda ta yi imani cewa a cikin kwamfutar Atos akwai wani mai goyon bayan abokan gaba. Abin mamaki game da ita shi ne tana da reshe a kowace ƙungiya. Ɗan Arsenal ya tabbata an tsara jadawalin don City, ɗan City ya tabbata don United aka yi shi, ɗan Liverpool yana riƙe da lissafin duk Asabar ɗin da aka tashe su da rana tsaka, ɗan Chelsea kuma yana ganin duk taron dangi aka yi masa. Idan aka haɗa shaidunsu wuri ɗaya, Jadawali ya zalunci ƙungiyoyi 20 domin ya fifita ƙungiyoyi 20, aikin da ko alƙalin wasa bai taɓa iyawa ba.

Mazhaba ta ƙarshe ba ta da aƙida sai rigar da ta sa. Idan kocinta ya yi ƙorafi, jarumi ne mai faɗa wa hukuma gaskiya. Idan na maƙwabta ya maimaita kalmomin nan ba ragi ba ƙari, raki ne da neman mafaka tun kafin a sha kashi. Mutum ɗaya kan riƙe ra'ayoyin biyu a yini guda, ɗaya a wasan rana, ɗaya a na dare. Bisa ga dukkan alamu, 'yan sauran mazhabobin ma nan suke komawa da zarar an taɓa ƙungiyarsu.

Waɗanda ba a jin muryarsu su ne masu kukan ƙarancin wasa. Daga kakar 2024 an soke maimaita wasa a Kofin FA tun daga zagayen farko, don a rage wa manya nauyi. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa da wannan maimaici suke samun kuɗin ƙofa da na talabijin da kan riƙe su tsawon lokaci. An sauke wa mai ƙoshi kaya, an ɗauke wa mai yunwa akushi. Haka nan ɗan kallon da ya san yadda 'yan Kano Pillars ke shafe yini a mota kafin su isa Aba ko Fatakwal, yakan saurari kukan tafiyar awa huɗu a jirgin shata da wani irin kallo.

Su ma masu kallo na wannan yanki suna da nasu ƙorafin, kuma ana roƙon a shigar da shi cikin fayil. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, 12:30 ta Ingila 1:30 ce a Najeriya da Nijar, wato ana take wasa ana haramar Azahar, kasuwa kuma tana tsakiyar ci. Wasan dare a wannan lokaci yakan kai har goma sha ɗaya, ga kuɗin man inji a wuyan mai gidan kallo. Ba a ji wani koci ya kawo wannan a taron 'yan jarida ba.

Buƙatun masu wasiƙar ba su da yawa. A sake duba shawarar Benitez, amma a faɗaɗa ta, a ba kowane koci takarda da biro ya tsara nasa, a ga yadda za a yi da jadawali 20 da kowanne ya ba mai shi hutun mako guda ya sa abokin hamayya wasa Laraba da Asabar. Idan hakan ya gagara, a wajabta wa duk kocin da zai yi ƙorafi ya zo tare da shugaban ƙungiyarsa, riƙe da kwafin kwantiragin talabijin, su zauna benci ɗaya. Sannan a tsayar da doka cewa ƙorafin da aka yi bayan an ci wasa kaɗai za a rubuta, na bayan shan kashi a ajiye shi sai mako mai zuwa.

Daga masu zaman bencin baya,
a madadin dukkan mazhabobi.