Mai Zaman Benci Yana Zagin Mai Zaman Benci

Tsaya, malam, kada ka tashi. Na ga yadda ka yamutsa fuska da aka ambaci Ahmed Musa, kamar wanda ya kurɓi shayi ba sukari. Gyara zama. Janareton gidan kallon nan bai kama ba tukuna, yaron yana can yana kokawa da igiya, muna da lokaci.

A Jakusko, in kana son raba majalisa gida biyu ba sai ka wahalar da kanka da zancen siyasa ba. Ka ce "Musa" kawai, ka koma gefe. Rabi za su ce ba a yi kamarsa ba, rabi su ce tun tuni ya kamata ya rataye takalmi ya je ya kula da gidan mansa. Haka abin yake a Gashua, haka a Nguru, sai dai mutanen Nguru sun fi ɗaga murya, wataƙila don kakanninsu sun saba hira cikin ƙarar jirgin ƙasa. Kai kuwa na san ɓangarenka tun daga zamanka.

Ka ce gudu kawai ya iya? Kawai! Sannu, gwani. Kai da ɗan akuyar gidanku ya tsinke ran kasuwa sai da unguwa guda ta taya ka kamu, yau gudu ya zama abin raini. To bari in tuna maka inda gudun ya kai shi. Ran 25 ga Yuni 2014, a Porto Alegre ta ƙasar Burazil, Messi ya ci mu a minti na 3. Kafin ka gama cewa "shi ke nan, yau kwando za mu ɗauka", Musa ya rama a minti na 4. Messi ya ƙara dab da hutun rabin lokaci, aka dawo, minti na 47 Musa ya sake ramawa. An ci mu 3 da 2, na sani, ba sai ka nuna mini yatsu ba. Amma kafin wannan rana babu ɗan Najeriyar da ya taɓa zura biyu a wasa ɗaya a Gasar Kofin Duniya. Yekini bai yi ba. Amokachi bai yi ba. Okocha da kake ji da shi, sau uku ya je gasar, ko ɗaya bai ci ba.

Ka ce sa'a ce? Madalla da wannan sa'a mai kiyaye alkawari, wadda ta fi motar tasha zuwa a kan lokaci. Bayan kusan shekara huɗu, ran 22 ga Yuni 2018 a Volgograd, sai ga ta ta dawo. Victor Moses ya aiko da ƙwallo daga dama, Musa ya sauke ta da taɓi ɗaya, ya ɗirka ta raga kafin golan Ayislan ya gama tunani. Ta biyu kuwa gudun nan ne da ka raina: ya bar mai tsaron baya yana shaƙar ƙura, ya kewaye gola, ya tsaya ya zaɓi inda zai saka ta kamar mai zaɓen kifi a kasuwar Gashua. Huɗu ke nan a Kofin Duniya. Kawo mini ɗan Najeriyar da ya kai haka, ni zan biya maka shayi da ƙwai.

Ka ce Leicester fa? Yauwa. Yanzu ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. A 2016 suka saye shi kimanin fam miliyan 16, kuɗin da ba su taɓa kashewa kan ɗan wasa ba a lokacin. Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, muka fara ɗinkin anko. Aka shiga Firimiya, kakar nan kaf ƙwallo biyu ya ci. Zuwa Janairun 2018 an mai da shi aro CSKA Moscow, inda ya fito. Ingila ba ta karɓe shi ba, iyakar magana ke nan. Kuma tun da gaskiya muke faɗa, wani kurosin nasa sai ka rantse wa mai gyaɗa a bayan raga ya aika wa. Ni ma na sha dafe kai.

Amma kada ka yi saurin washe haƙora. Mutumin nan ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku da CSKA, 2013 da 2014 da 2016. Ya ɗauki na Saudiyya da Al-Nassr a 2019, tun Ronaldo bai san hanyar Riyad ba. Yana cikin waɗanda Keshi ya ɗauko Kofin Afirka da su a 2013, har ya ci Mali a wasan kusa da na ƙarshe. Me ya sa ba ka lissafa waɗannan? Don ba a rubuta wasan Rasha da alli a allon ƙofar gidan kallo. A wurinka duk abin da bai hau allon nan ba, bai faru ba.

Ka sassauta murya, ka matso, ka ce ai don ɗan Arewa ne ake ta kiransa, a cike gurbi? Haba malam! Kai ma ɗan Arewa ne, ya aka yi ba a kira ka ba? Yaron da aka haifa a Jos, mahaifiyarsa 'yar Edo, ya zo Kano Pillars yana ɗan shekara 17 ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a ƙasar. Raga ba ta tambayar takardar ƙaramar hukuma. Sannan faɗa mini, Gernot Rohr ɗan wace unguwa ne a Kano? Peseiro fa, Bazazzagi ne? Bajamushe da ɗan Fotugal suka yi ta kiransa har ya wuce wasa 101 na Yobo da Enyeama. Mahaifinsa dai mutumin Borno ne, mu ma kafin 1991 Borno muke. In kai Bafulatani ne, to na gano bakin zaren: tsohon wasanku da Barebari ne ya motsa, ka zo ka fake da ƙwallo.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne ƙarshen zamaninsa a Super Eagles. A Maris 2021 Rohr ya kira shi sansani alhali ba shi da kulob, ƙasa ta ɗauki surutu. A gasar Kofin Afirka ta Kwaddebuwa, wadda muka rasa a wasan ƙarshe ran 11 ga Fabrairu 2024, kyaftin guda ko minti ɗaya bai buga ba. Troost-Ekong ne ya ɗaura kambu, Musa yana benci. Ka ce me ya je yi, yawon buɗe ido? Tambayarka tana da ƙafafu, ban ƙi ba. Gurbi ne da wani yaro mai jini a jika zai so.

Sai dai kai daga gaɓa kake kallo. Je ka Gogaram lokacin su, ka tsaya a bakin ruwa. Wanda ya jefa koma ya ɗago kifi shi za ka tafa wa. Wanda yake durƙushe cikin kwalekwale yana kwashe ruwa da ƙwarya, ba ka ma san yana ciki ba. Tambayi waɗanda suke cikin jirgin. Abokan wasansa "Gwamna" suke ce masa, kuma ba zaɓe ya ci ba. Kai minti casa'in kake gani ta talabijin, su suna kwana da shi a otal, suna zaman jiran alawus tare, sun san wanda yake shiga tsakani in rai ya ɓaci. Babban ɗan wasa irinsa a ajiye shi gasa guda a benci, wani da tuni jarida ta ji. Shi ba a ji ba. A 2022 da labari ya bazu cewa Kingsley Obiekwu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, yana tuƙin motar haya a Enugu, Musa ne ya tura masa naira miliyan 2. Kai me ka tura? Ka tura labarin a WhatsApp.

Ka ce alheri ba ya cin ƙwallo? Wallahi ba ya ci. Da kyauta tana ci, da Ɗangote ne yake buga mana lamba tara. Na ba ka wannan, riƙe da kyau, ba kullum nake rabo ba. Har ma in ƙara maka wata: bayan ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, sai a 2025 aka naɗa shi babban manajan kulob ɗin yana kuma buga wasa. Ni kaina na yi dariya. Ka tausaya wa kocin da zai ɗaga allo ya cire maigidansa a minti na sittin, gobe kuma ya je ofishinsa neman albashi.

To ga janareto ya kama. Matsa mini kaɗan, bencin nan ba naka kaɗai ba ne, ko da yake ka fi Musa daɗewa a kai. Af, kafin a fara: daren Ayislan ɗin nan, akwai wani da ya yi tsalle ya kifar da teburin mai shayi, ya fita titi ba takalmi yana ihun sunan Musa har muryarsa ta dushe. Hularsa irin taka ce sak. Mai shayin ya ce har yau ba a biya shi kofuna uku ba.