Digirin Digirgir: Shiga, Ƙanena, Kada Ka Fasa

Ƙanena, an ce ka kammala digiri na biyu a fannin tarihi, kana ta shawara ko ka koma ka yi na uku. Shawarar me kuma? Shiga! Irin gatan da Najeriya ta tanadar wa masu nazarin tarihi da adabi da harsuna, ai ba a yi masa jan ƙafa.

Madalla da tsarin da ya hutar da kai daga ƙasƙancin karɓar tallafi. A manyan jami'o'in Amurka, ɗalibin digiri na uku akan yafe masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi na abinci da na haya har shekara 5, a sangarta shi. Nan kuwa an san kai namiji ne. Kai za ka biya rajista duk shekara, kai za ka biya mota zuwa Kaduna ka zauna a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, kai za ka biya mujallar da za ta buga maƙalarka. Asusun TETFund yana nan da kuɗinsa, amma na wanda ya riga ya zama malami ne a makarantar gwamnati. Ita kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta daɗe tana nanata cewa digiri na uku ne mizanin koyarwa a jami'a. Ka ga hikima: nemo aiki a ba ka kuɗin digiri, nemo digiri a ba ka aiki. Asusun PTDF ma yana kai ɗalibai karatu har ƙetare, sai dai na man fetur ne da iskar gas, kuma laifin sarakunan Gobir ne da ba su haƙa rijiyar mai ba.

Sai batun lokaci, inda aka fi yi maka alheri. A takarda shekara 3 ne, amma wa zai so a kore shi daga ilimi da wuri haka? A 2020 malaman jami'a sun yi wata 9 suna yajin aiki, a 2022 suka ƙara wata 8, duk a kan yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tun 2009. Gwamnati ta riƙe albashinsu don su ƙara natsuwa. Malamin da ke duba kundinka, bawan Allah, yana da ɗalibai irinka fiye da yadda mutum ɗaya zai iya ɗauka, ga aji cike har bakin taga, ga koyarwar wucin gadi a wata jami'ar don ya cike kuɗin cefane. Babinka na uku zai yi damina da rani a bayan motarsa yana shan iska. Kafin a kira ka kare kundi, tsararrakinka da suka shiga kasuwar Kwari sun aurar da 'ya'ya, kai kuwa ka wuce shekarun da ake gindayawa a tallar aiki, ka huta da wahalar rubuta takardar nema.

Aikin ma ai an gyara maka hanyarsa tun daga tushe. Manufar ilimi ta ƙasa ta ba kimiyya kashi 60 na guraben shiga jami'a, sauran fannoni su raba 40. An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka yi fiye da shekara 10 kafin a dawo da shi, don kada a dame ka da yawan ɗalibai. Dokar 2012 ta ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70, saboda haka kujerar da kake hange tana da mai ita, Allah Ya ƙara masa lafiya. In ka ƙosa, akwai makarantar kuɗi a unguwarku da za ta ba ka aji huɗu a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin na ƙasa ba, naira 70,000. Amma za a kira ka Dakta. A wurin ɗaurin aure za a zaunar da kai kan darduma ta gaba, kuma kai za a fara miƙa wa takardar gudummawar gyaran masallaci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne aikin kansa ba na banza ba ne. Da digiri irin wannan Yusufu Bala Usman ya tono tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Da shi Ɗandatti Abdulƙadir ya kai Mamman Shata zauren nazari a Jami'ar Indiana a 1975. Yau ga rubuce-rubucen ajami da na Larabci jibge a Sakkwato da Kano da Zariya suna jiran mai karantawa, ga tsofaffin da suka ga zamanin En'e suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu. Ƙasa mai hankali da ta biya ka ka bi su gida-gida da rikoda. Tamu ta fi haka hankali: ta bar ka ka yi da kuɗin sayar da gonar gado, ka ɗaure kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, a jera shi a kanta, gara ta yi masa karatun da ba a samu wanda zai yi ba.

Saboda haka sayi fom gobe da sassafe. Kada ka kuskura ka fara neman aiki tukuna, ka yi karatun daga baya da albashi a hannu. Wannan dabarar matsorata ce. Kada ka zauna da maiɗakinka ku lissafa abin da za a ci a shekarun nan. In ka shiga sashen, ka gaida kowa da ladabi, kada ka tambayi ɗalibai nawa malamin da za a haɗa ka da shi yake dubawa, ko mutum nawa suka gama cikin shekara 5 da suka wuce, balle ka nemi sanin inda suke aiki yanzu.