Yadda Mutumin Bande Zai Yini Shi Kaɗai a Gidan Zoo da Bazara

Da farko dai, kada ka gaya wa kowa. Idan ka kuskura ka faɗa a majalisa cewa gobe za ka Kano, za a tambaye ka me za ka saro. Ka ce ba fatauci ba ne, a tambaye ka wa ke kwance a asibiti. Ka ce kowa lafiya lau, za ka je ne ka ga zaki ka hau lilo, kuma kai kaɗai, to kafin la'asar an tura yaro garka ya kira kawunka. A Bande ana tafiya don cin kasuwa, ana tafiya biki ko gaisuwar rasuwa, ana tafiya cirani, neman magani ko neman karatu. Ba a taɓa ware gurbi ga magidanci mai gemu da zai biya kuɗin mota don a je a juya shi a sama har ya ga jiri ba. Ka ce za ka duba wani abu. Ba ƙarya ka yi ba.

Mai kishin ƙasa zai ce me ya hana ka zuwa Yamai, tunda gidan tarihi na Boubou Hama yana nan tun 1959, da namun dajinsa da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare. Ka gode masa, sannan ka tuna masa daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Kano kuwa, ka yi ɗan kilomita 20 ɗin nan zuwa Magaria, ka tsallaka iyaka ta Tinkim zuwa Babban Mutum, ka bi ta Babura, shi ke nan. Katin shaidarka ya kasance a aljihun gaba, ba cikin jaka ba, don kowane shinge sai an nemi ganinsa. A bakin iyaka ka canza sefa. Takarda guda ta jika goma za ta koma damin naira har aljihu ya kumbura, ka ji wani girma yana shigar ka. Girman nan ba ya wuce azahar. Kuma ka bar lissafin dala a gida: in ɗan adaidaita sahu ya ce ɗari biyar, ɗari biyar ɗin yake nufi, kada ka tsaya a bakin titi kana ninkawa da biyar kana salati.

Kada ka sauka gidan dangi. Na san akwai ɗan ƙanin babanka a Kurna ko Fagge, na san zai ji haushi in ya ji ka shigo gari ba ka leƙa ba. Amma da zarar kalmar Zoo ta fita daga bakinka a tsakar gidansa, matarsa za ta yi wa yara wanka, ta aika maƙwabta su ma su shirya nasu, ka fito da rundunar da adaidaita biyu ba za su ɗauka ba. Wanda yake son yawo shi kaɗai, sammako ya kama shi daga Bande. Illar sammakon ita ce, duk yadda direba ya taka mota, za ka iso Titin Zoo daidai lokacin da inuwarka ta shige ƙarƙashin takalminka.

Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa gidan a farkon shekarun 1970, kuma Allah ya saka masa da alheri saboda itatuwa. Lokacin da gidan yake cika maƙil shi ne bikin Sallah, ga shi kuma daga 2023 zuwa 2025 Ƙaramar Sallah ta yi ta faɗowa tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a Kano da Damagaram. Saboda haka maganar kwalliya ta mutu. Shaddar nan da ta sha sitaci da bugu ka bar ta a akwati. Kafin ka kai kejin birai ta manne maka a baya, taswirar gumi ta fito, yara suna nuna ka. Yadi mara nauyi, mai haske, da malafa. Ƴan birni za su yi wa malafar dariya da ƙarfe goma sha ɗaya. Da ƙarfe biyu wani zai zo ya taya.

Jarrabawar farko tana bakin ƙofa. Mai yankan tikiti ba zai dube ka ba, bayanka zai duba.

"Alhaji, mutum nawa?"

"Ni kaɗai ne."

"Yaran fa?"

A nan mutane da yawa suke rikicewa su shiga bayanin da ba a tambaye su ba. Ka ce "suna tafe", ka karɓi canjinka. In kana da ƴaƴa, wata rana za su zo. In ba ka da su, addu'a ka yi. Hajiya mai niyyar zuwa ita kaɗai kuwa, tambayoyinta ninki biyu ne, don bayan yara sai an nemi maigida. Ta riƙa duba waya tana ɗan tsaki, kowa zai gane ya tsaya ajiye mota.

Kana shiga za ka gane cewa mutumin da ya zo shi kaɗai ma'aikaci ne da ba a biya. Hannayensa biyu a sake suke, kuma a gidan nan babu abin da ya kai hannu tsada. Saurayi zai miƙo maka waya: "Yallaɓai, don Allah ɗan ɗauke mu." Ka ɗauka, budurwar ta duba ta ce ta rufe ido, a sake. Wata baiwar Allah mai goyo za ta ce, "Malam, ɗan duba min kular nan, yanzu zan dawo," ta tafi neman Abba da ya ɓace. Kana nan tsaye kan kular shinkafar mutane sai ga wani yaro yana kuka ya kama gefen rigarka yana cewa Kawu. Ba Abban ba ne, wani Abban ne daban. Kada ka motsa daga wurin, kada ka ce za ka zaga da shi neman uwarsa, don baƙo mai harshen Damagaram da ke janye da yaron da ba nasa ba yana bukatar dogon bayani. Ka tsaya inda kake, ka kira ma'aikacin gidan mai kaki, ka damƙa masa. Maganin duk wannan shi ne ka riƙe wani abu a kowane hannu tun daga ƙofa: gorar ruwa a dama, ledar mangwaro a hagu. Wayarka kuma can cikin aljihun wando, ba na riga ba, don a cunkoson Sallah akwai waɗanda su ma suka zo su kaɗai, amma ba kallo ya kawo su ba.

Yanzu sai dabbobi. Ka rage buri. Da tsakar ranar bazara duk dabbar da ke da hankali tana kwance a lungun da ya fi duhu, kuma zaki ya fi kowa hankali. Abin da za ka gani shi ne jela da ƙafar baya guda. Jama'a za su yi ta ihu suna tafi don ya tashi, shi kuwa ko kunne ba zai kaɗa ba. Kada ka raina shi saboda haka. A watan Oktoban 2019 zakin gidan nan ya kuɓuce daga keji, unguwannin kewaye suka kwana ido biyu, shi kuma bai ko bar harabar ba: ya shiga wurin awaki ya yi walima kafin a samu a mayar da shi. Kada zai buɗe baki ya sandare, ba barazana yake maka ba, haka yake rage zafin jiki. Kura kuwa hancinka zai sanar da kai ka iso tun kafin ka ga allo. Jimina ce kawai za ta ba ka lokacinta, ta ƙura maka ido ta saman waya har ka fara tunanin ko ta san kawunka.

A gaban birai za ka ji wani yana tambaya da ƙarfi ina wanda ya haɗiye kuɗin. Ka yi dariya tare da jama'a, don labarin sananne ne. A watan Yunin 2019, bayan Ƙaramar Sallah, naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga suka yi ɓatan dabo, labari ya zaga duniya cewa goggon biri ne ya haɗiye, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma sam. Biran da ke nan dai ba su da hannu, amma su ake ta yi wa gori har yau.

Filin wasa shi ne inda kaɗaici yake nuna kansa sosai. Lilo yana son mai turawa. Katakon nan da ɗaya ke hawa sama ɗaya na sauka yana son mutum biyu masu nauyi kusan ɗaya, kuma babu yaron da uwarsa za ta yarda ya zauna a ɗaya gefen bayan ta ƙare maka kallo. A Disneyland ta Amurka, wadda aka buɗe a 1955, sun daɗe da gano cewa akwai irinka a duniya, har suka ware layi na musamman a wasu wasannin ga wanda ya zo shi kaɗai, ana cike gurbin kujera da shi, ya riga masu iyali hawa. A nan tsarin ya fi sauƙi: mai kula da injin zai ce, "Baba, matsa ka ba yara wuri." Ka nuna masa kuɗinka cikin mutunci, ka tambaya ko kujerar tana ɗaukar babba. In ya yi jim kafin ya amsa, ka haƙura.

In an yarda ka hau, ga ƙa'idoji. Duk ƙarfen da ya yini a rana, ka taɓa shi da bayan hannu kafin ka ɗora masa mazaunai, don abin sulun nan da ƙarfe biyu tandar masa ce, mai kawai ya rage a zuba. Hula ta shiga aljihu. Zanna Bukar ɗin da ta tashi daga saman majaujawa ba ta dawowa ga mai ita. Takalmi mai maɗauri ya fi silifa. Fura da nono bayan an sauko ake sha, ba kafin a hau ba, kuma wannan ba don kanka kaɗai ba ne, akwai bayin Allah a ƙasa. Sannan ka kasa kunne ka ji ko janareto ne ke jan injin, ka dubi fuskar mai kula da shi ko ta wanda ya sayi isasshen mai ce. In abu ya tsaya kana can ƙoli, masu iyali suna da masu yi musu kururuwa a ƙasa. Kai sai dai ka gyara zama ka ƙare wa rufin kwanon unguwa kallo. Daga can sama ne kuma za ka hango mutumin Magaria, don ranar Sallah ba a rasa shi a Gidan Zoo. In ido ya haɗu, ka duba ko shi ma yana kan dokin roba. In yana kai, ku gaisa da ka, magana ta ƙare.

Batun ruwa babu raha a ciki, ko da yake ɗan kaɗan ba zai rasa ba. Ka sha tun ƙishi bai kama ka ba, leda bayan leda. Zoɓo da kunun aya da lamurje duk suna da daɗi, amma ka duba sanyin na ƙanƙara ne ko na alkawari. In ka ga fitsari ya yi ja, kai yana sarawa, ƙafa tana ɗaurewa, ka nemi inuwa nan take ka jiƙa kai da wuya. In jiri ya zo alhali ba ka hau komai ba, ko gumi ya ɗauke gaba ɗaya, wannan ba na inuwa ba ne, na likita ne, ka gaya wa na kusa da kai ba kunya. Ƙullin gishiri da sukari na kemis ba shi da nauyi a aljihu, a zuba shi a lita guda ta ruwa mai tsabta. Mai iyali in ya faɗi akwai mai yi masa fifita. Kai in ka faɗi, sai an gama muhawara kan ko aljanu ne.

Tsakanin azahar da la'asar ka yi abin da zaki ya yi. In ka idar da salla ka samu gindin itace ka jingina, jakarka a matsayin matashi. In zafin ya fi ƙarfin itace, Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 yana kan titin nan, akwai sanyin na'ura. Ka shiga da tafiyar mai niyyar sayen firji, ka tambayi farashi, ka gyaɗa kai, ka ce za ka yi shawara da gida. Rabin mutanen da ke ciki shawarar da za su yi ke nan.

Abin takaicin tafiyar duka yana zuwa bayan la'asar. Rana ta yi sanyi, iska ta fara kaɗawa, ƴan birni sun fara kwararowa cikin sabon ɗinki da ƙamshin turare, zaki ya miƙe ya yi hamma har ana jin gurnaninsa. A daidai lokacin ne kai kuma dole ka nufi tasha, in ba so kake dare ya yi maka a bakin iyaka ba. Ka sayi gurasa da alawa na tsaraba, kada ka sayi rake, don mutumin Korama, ƙasar rake, da ya dawo gida da raken Kano ya ja wa kansa tambaya. A mota ka nemi gefen dama. Da safe kuna yin kudu rana tana hagu, da yamma kuna yin arewa ta sake komawa hagu, saboda haka mai zaman dama ya tsira zuwa da dawowa. Kamasho ya san wannan sarai. Zai ce wurin na wani Alhaji ne da ya je alwala, sai dai in za ka ɗan ƙara wani abu. Ka lalubi aljihu, in damin nan na safe ya bar saura, ka ƙara.